Yadda Ake Gyara Ko Sauya Bututun Ruwan Da Ke Binne Tsakanin Addad Da Hazzan

Da wuya mako ya wuce ba a tsare ni da wannan magana ba, ko a ƙofar masallaci bayan Isha'i ko ta waya. Wani fatura ce, wato takardar kuɗin ruwa, ta zo masa da kuɗin da bai taɓa gani ba, wani balaɗin tsakar gidansa ne, wato tayil, ya lotsa, wani kuma an saki ruwa a unguwa, maƙwabta duk sun cika hazzansu, wato tankin ruwansu, nasa ko rabi bai kai ba. Sau da yawa laifin na wurin da ido ba ya gani ne, wato bututun da ya taso daga addad, mitar ruwan da ke jikin katanga, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa har zuwa hazzan na ƙasa. Na daɗe ina wannan aiki a Makka, na kuma yi shi a Jidda. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, bututun kansa ba shi da tsada. Fasa ƙasa da mayar da ita shi ke cin kuɗi, don haka duk matakan da ke tafe an jera su ne don a fasa sau ɗaya tak.

1. San inda naka ya fara

Addad shi ne iyaka. Daga babban layin titi zuwa addad na Kamfanin Ruwa na Ƙasa ne, wanda muke kira Sharikatul Miya. Daga bayan addad zuwa cikin gida naka ne, gyaransa da asararsa duk a wuyanka. Idan ruwan yana ɓulɓulowa a titi ko kafin addad, ba naka ba ne. Ka ɗauki hoto, ka kai rahoto ta manhajar kamfanin, ka adana lambar rahoton.

Gargaɗi: kada ka kwance addad, kada ka karya hatiminsa, kada ka matsar da shi ko da taku ɗaya ne. Akwai tara a kan haka. Tona titi ko gefen titi kuma yana buƙatar izinin baladiyya, wato hukumar birni. In kuma gidan haya kake, sai ka sanar da mai gida a rubuce kafin a ɗaga guduma, ku daidaita wanda zai biya.

2. Tabbatar bututun ne, ba wani abu ba

A nan mutane suka fi tafka kuskure. Su kira mai Hilti, injin fasa kankare, ya wargaza tsakar gida, daga baya a gano awwama ce, wato abin da ke tsayar da ruwa in hazzan ya cika, ta lalace, ruwa yana ta malala daga saman hazzan cikin dare. Gwajin ba ya cin ko halala ɗaya.

Jira ranar da aka saki ruwa, ka bari ya daidaita, iskar da ke cikin layi ta gama fita. Rufe mahabas, wato makullin ruwan da ke bakin hazzan. Idan babu mahabas a wurin, ɗaure hannun awwama sama da igiya har ruwa ya daina zuba kwata-kwata. Sai ka je addad ka ɗauki hoton lambobinsa, har da ƙananan jajayen nan, ka koma bayan minti 30 ka sake ɗauka. In lambobi sun motsa alhali babu inda ruwa ke zuwa, bututun da ke binne yana yoyo. In ba su motsa ba, bar ƙasa ta huta, ka koma kan awwama da hazzan. Shi hazzan ana gwada shi ne ta rufe mashigarsa, a kashe dinamo, wato injin tura ruwa, a sa sanda a auna tsayin ruwan, a sake aunawa bayan awa 24.

Bambancin lambobin biyu yana gaya maka girman ɓarnar. Yoyon lita 1 a minti ɗaya lita 1,440 ne a yini. Inda ruwa ba ya yankewa, wannan ya haura mita muka'ab 43 a wata, kowace mita muka'ab kuwa lita 1,000 ce. Kuɗin ruwa hawa-hawa ne. Mita muka'ab 15 na farko halala 10 kowace (halala 100 ce riyal 1), amma da zarar an wuce 60 sai ta koma riyal 6, a ƙara rabin hakan idan gidan yana haɗe da layin magudanar ƙazanta. Shi ya sa ɗan tsagun da bai fi farce ba yake iya ninka fatura sau da dama.

Gargaɗi: duk lokacin da ka buɗe murfin hazzan, kada ka matsa daga wurin sai ka rufe shi, ko da na minti ɗaya ne, musamman a gidan da ke da yara. Kada kuma kowa ya shiga ciki ba tare da wani a tsaye a bakinsa ba.

3. Nemo hanyar bututun da wurin yoyon

Tsaya a addad ka dubi bakin hazzan. Yawanci an bi hanya mafi kusa ne, ko an bi gindin katanga. Tambayi dattijon da ya fi kowa daɗewa a gidan, sau da yawa yana tuna ranar da aka binne shi.

Alamomin su ne danshin da ba ya bushewa, farin gishiri a gindin bango, balaɗin da ke ƙara kamar ganga in an ƙwanƙwasa, ciyawar da ta tsiro inda ba a ba ta ruwa, da tururuwa da suka tare wuri guda. Da tsakar dare, in gari ya yi tsit kuma akwai ruwa a layi, ɗora bakin doguwar sukundireba a kan balaɗ, ka manna kunnenka a mariƙinta, ka riƙa matsawa taku-taku. Inda shuuu ɗin ya fi ƙarfi, sa alama da alli.

Amma kada danshi ya ruɗe ka. A gidajen kan dutse irin na Misfala da Tundubawi a Makka, ruwa yana bin fuskar dutsen ne ya gangara, ya je ya ɓullo a bangon maƙwabcin da ke ƙasa, mita da yawa daga inda bututun ya fashe. A Jidda kuma ruwan ƙasa yana kusa a unguwanni da dama, ramin da ka tona zai iya tara ruwan da ba na bututunka ba. Idan tsakar gidan marmara ce ko kankare mai kauri, kira masu na'urar gano yoyo. Kuɗinsu bai kai na fasa wuri uku a banza ba. Ka nemi su ba ka rahoto a rubuce da hatimi, zai yi amfani a mataki na ƙarshe.

4. Faci ko sauyawa?

Tona ƙaramin rami a wurin alamar ka ga irin bututun da idonka, sannan ka yanke shawara.

In na roba ne, fari ko toka ko kore ko baƙi, jikinsa lafiya, wuri ɗaya ne dutse ya huda ko mahaɗa ta saki, faci ya wadatar. In kuwa tsohon ƙarfe ne, shawarata guda ce, a cire shi daga aiki gaba ɗaya. Ruwan da muke sha a Makka da Jidda mafi yawansa tataccen ruwan teku ne daga Shu'aiba, yana cin ƙarfe ta ciki, ƙasa mai gishiri tana cinsa ta waje. Ramin da ka gani shi ne wanda ya riga fitowa, 'yan'uwansa suna hanya. Haka ma farin PVC da ya tsufa har yana tsagewa kamar ƙwarya in an sa masa zarto.

A gidan baffana na koyi wannan. Cikin shekara guda sau uku muna fasa tsakar gida muna ɗaure ƙarfe ɗaya. A karo na uku na ce masa, "Baffa, ƙarfen nan ya gama aikinsa, a bar shi ya huta." Ya ce, "Ɗana, ai da kuɗin sabo gara faci." Na zauna na lissafa masa abin da ya kashe a balaɗ da siminti da ruwan wayit, wato tankar ruwa, da muke saye duk ranar da aka rufe ruwa. Ya yi shiru, can ya ce in je in auno tsawon. Har yau ina jin ciwon kuɗin dattijon nan da na bari suka tafi a faci biyun farko, don tun ran farko na ga tsatsar, nauyin baki ne ya hana ni faɗa.

Ba dole ne a tono tsohon ba. Sau da yawa ya fi sauƙi a yanke shi ta kai biyu, a toshe, a bar shi a ƙasa, a ja sabon ta hanyar da ta fi ƙarancin fasa.

5. Kaya da lissafin kuɗi

Don layin da za a binne, na fi son baƙin bututu na naɗi mai shuɗin zane, wato HDPE, wanda aka rubuta PN16 a jikinsa. Dalili ɗaya ne. Yana zuwa a naɗe, ana jan sa daga addad zuwa hazzan ba tare da mahaɗa ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ba, yoyo kuwa galibi daga mahaɗa yake farawa. Koren PPR ma yana da kyau in an iya narka shi, sai dai yana zuwa sanda-sanda, kowace mita 4 sai an haɗa. Girman da gida ɗaya ke buƙata milimita 25 ne ko 32. Kada ka sa wanda ya fi tsohon ƙanƙanta. Baƙin tiyon ban ruwan lambu yana kama da HDPE kuma ya fi araha, amma ba a yi shi don wannan matsi ba, ka karanta rubutun jikinsa kafin ka biya. Araha ba ta ado.

Sauran kayan: mahabas biyu na tagulla, raddad mai hana ruwa komawa baya, shad-wasal biyu don a iya kwancewa nan gaba ba tare da yanka ba, jalba (miƙaƙƙiyar mahaɗa) da ku'u (mahaɗa mai gwiwa) daidai girman bututun, tef ɗin Teflon, bututun PVC mai faɗin inci 2 da za a yi riga da shi, yashi mai laushi, da shuɗin kirtanin gargaɗi. Kayan aiki kuwa: tef ɗin awo, saruh (injin yankan balaɗ), Hilti, diga, shebur, almakashin bututu, abu jalambo (sufanar bututu) guda biyu, makwa (injin narka bututu) idan PPR ne, da famfon gwaji na hannu mai agogo, wanda ake samu haya.

Kuɗin kashi biyar ne: kaya, tona, ladan sabbak (mai aikin famfo), mayar da balaɗ, da ruwan wayit na kwanakin aiki. Ka sa a rubuta maka kowanne daban. Tona a yi shi da mita, kuma a faɗi farashin dutse dabam da na ƙasa tun kafin a fara, don a Makka da harrar Madina mai baƙin dutse nan ne rigima take tashi a tsakiyar aiki. Kwashe ɓaraguzai ma a ambace shi. Nemi farashi daga mutum uku, ka riƙe kaso na ƙarshe na ladan har sai an ci gwajin mataki na 8. Sannan ka cika hazzan na ƙasa da na sama kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

6. Tona ramin

Rufe mahabas na wajen addad. Ja layi biyu da alli, faɗin santimita 30 zuwa 40. Bi layin da saruh tukuna kafin a sa Hilti, don fasa ta tsaya inda aka yanka. In intalok ne, cire shi ɗaya-ɗaya ka jera a gefe. In balaɗ ne, bi ta kan layin haɗinsa, ka fara neman irinsa a kasuwa kafin ka fasa, don tsofaffin zane da yawa an daina kawo su.

Zurfin da nake yi a tsakar gida santimita 50 zuwa 60 ne, inda mota ke takawa kuma 80. Mu ba mu da ƙanƙara, amma muna da rana. Bututun da ke dab da balaɗ yana kawo ruwa kamar na shayi da azahar, zafin kuma yana rage masa kwana. Inda dutse ya hana a kai wannan zurfi, a sa riga a zuba kankare a kanta.

Gargaɗi mafi girma a wannan aiki: wayar lantarki. Mitar wuta da addad galibi a katanga ɗaya suke, kebul ɗin da ke shiga gida yakan bi hanya ɗaya da bututun ruwa, haka wayar dinamo da ta intanet. Mita biyun farko daga katanga a tona su da hannu, da shebur, a hankali. Kashe babban makunnin gida yana taimakawa, amma ba ya kashe kebul ɗin da ke kafin mita. Da ka ga jan kirtani, ko jerin bulo a kwance, ko yashi mai tsabta a tsakiyar ƙasa, dakata, wani abu ne aka binne.

Ka kuma tuna daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. A fara bayan Asuba, a ajiye musu ruwan sanyi.

7. Haɗa bututun

Idan faci ne, buɗe ramin ya kai rabin mita kowane gefe, ka tona ƙarƙashin bututun yadda hannu zai zagaya. Yanke wurin da ya lalace har ka kai lafiyayyen jiki, ka sa sabon guntu irinsa da jalba biyu. PVC da gam ɗinsa ake haɗa shi, a busasshen wuri, a ba shi lokacin da aka rubuta a gwangwanin kafin a saki ruwa. Ɗaure tsagu da robar taya da waya gyaran gangar Abzinawa ne, kwana kaɗan zai yi.

Idan sabo ne, share ramin daga duk wani dutse mai kaifi, ka shimfiɗa yashi santimita 10. Toshe bakin bututun da leda da tef kafin ka fara ja, don kada ƙasa ta shiga ta je ta toshe awwama. Inda zai ratsa katanga, ko ƙarƙashin kankare, ko hanyar mota, zura shi cikin rigar PVC. In da hali, yi masa riga tun daga farko har ƙarshe. Ranar da ya buƙaci sauyi, zaro shi kawai za a yi a zura wani, ba a taɓa balaɗ ko ɗaya ba.

Kada ka ja HDPE ya miƙe kamar tsirkiya. Zafi yana miƙar da shi, sanyi yana janye shi. Mita 10 da ta sha rana tana iya raguwa da santimita 5 zuwa 6 in ta huce, ta fizge kanta daga mahaɗa. Bar shi ya kwanta da ɗan lanƙwasa kamar tafiyar maciji. Wajen haɗa shi, yanke bakin daidai, ka ɗan fere gefen, ka sa alamar zurfin da zai shiga, ka tura har ya wuce zoben roba ya kai alamar, sannan ka ɗaure.

In PPR ne, makwa ta kai digiri 260 kafin a fara. Mai milimita 25 daƙiƙa 7 yake yi a wuta, mai 32 daƙiƙa 8. A cire, a tura kai tsaye ba tare da murɗawa ba, a riƙe, a bar shi ya huce minti 2 zuwa 4. Wanda ya daɗe a wuta yana narkewa ya toshe rabin hanyar ruwa ta ciki, daga waje kuma ba za ka ga komai ba, sai dai hazzan ya ƙi cika.

Jerin daga addad shi ne mahabas, raddad, shad-wasal, sai bututun. A bakin hazzan kuma shad-wasal, mahabas, awwama. Duk waɗannan su zauna a sarari ko cikin ƙaramin akwati mai murfi. Duk guntun robar da ya fito rana a rufe shi.

Gargaɗi: nisanta layin daga bayyara, wato ramin ƙazanta, da bututun ƙazanta iyakar iyawa. In dole su gitta juna, na ruwa ya bi ta sama da aƙalla santimita 30, cikin riga, babu mahaɗa a wurin. Wannan ya fi muhimmanci a unguwannin da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, don bututun da babu matsi a cikinsa yana iya zuƙo ruwan da ke kewaye da shi ta kowace ƙaramar kafa, ya kai shi hazzan da iyali ke sha da alwala. Haka nan kada a haɗa dinamo kai tsaye da layin addad don a ja ruwa. An hana, kuma yana ƙara wannan zuƙar.

8. Gwaji kafin a rufe

Wannan matakin ne ake tsallakewa, don magariba ta yi, kowa ya gaji, sabbak yana cewa, "Alhaji, aikina ba ya yoyo." Ka ce masa ka yarda, amma a gwada.

Raba sabon layin daga addad da awwama, ka toshe kai ɗaya, ka cika shi da ruwa har iska ta fita duka. Haɗa famfon gwaji ka ɗaga matsin zuwa bar 10. A mintocin farko allurar za ta ɗan sauka saboda roba tana buɗewa, wannan ba yoyo ba ne. Mayar da ita 10 sau biyu ko uku cikin rabin awa, sannan ka bar ta awa guda. In ta tsaya ko ta ɗan motsa ta tsaya, lafiya. In tana ta gangarowa, bi kowace mahaɗa da busasshiyar takarda, za ta nuna maka. A yi gwajin da safe ko da yamma, bututun da rana ke duka yana ba da karatun ƙarya. Kada a gwada da iskar kwamfaresa, in marfi ya fizge yana iya raunata mutum.

In ba a samu famfon ba, bar ramin a buɗe har ranar da za a saki ruwa, ka maimaita gwajin addad na mataki na 2. A kewaye ramin da katako saboda yara da tsofaffi.

9. Ciko

Kafin yashi ya taɓa bututun, ɗauki hotonsa daga kusurwa uku da tef ɗin awo a miƙe daga katanga. Zuba yashi santimita 15 a kansa, ka danna gefe da gefe da ƙafa. Sai ƙasar da aka tace daga duwatsu, kaɗan-kaɗan, ana yayyafa ruwa ana daɓewa. Shimfiɗa shuɗin kirtanin kamar santimita 25 a saman bututun. Ɓaraguzan balaɗ da kankare ba sa komawa ramin, su ne ke huda sabon layi bayan shekara biyu. Bar cikon ya kwana biyu ko uku ya zauna kafin a mayar da balaɗ, in ba haka ba zai lotsa a bi layin ramin.

10. Wanke layi da batun fatura

Kada ruwan farko ya shiga hazzan. Kwance shad-wasal na bakinsa ka bar ruwan ya zuba waje har ya fito garau. Sannan haɗa Clorox (ruwan bilic) marar ƙamshi mililita 20 a ruwa lita 20, ka tura shi cikin layin da famfon gwaji, mahabas na wajen addad a rufe. Wannan ya ishi layin mita 30 mai milimita 32. Bar shi ya kwana, ka wanke har warin ya tafi. Kada a gauraya Clorox da wani maganin wanki. In tsohon bututun ya daɗe yana yoyo kusa da bayyara, hazzan ɗin ma a kwashe shi a wanke.

Game da faturar da ta hau, tara rahoton masu gano yoyo, rasiɗin kaya, hotunan kafin da bayan gyara, da hoton addad mai kwanan wata, ka shigar da ƙorafi ta manhajar kamfanin da wuri. Daga nan ka riƙa ɗaukar hoton addad ranar ɗaya ga kowane wata. Zanen hanyar bututun kuma, da zurfinsa da nisansa daga katanga, a yi shi a takarda kwafi biyu, ɗaya a sa a leda a manna cikin akwatin mahabas, ɗaya a ajiye tare da takardun gida.